Ƙauyen Italiya da Na Nema wa Baba

Har yau ban taɓa taka ƙasar Italiya ba, amma in aka zaunar da ni zan jero ƙananan garuruwanta kamar a can aka yanke mini cibiya. Na san wanda ke kan dutse, na san wanda gidajensa ke leƙen teku, na san wanda sai an bi doguwar gada da ƙafa kafin a shiga. Tsoro ne ya koya mini su, a shekarar da Baba ya zo Birmingham aikin ido.

Lokacin ina digiri na uku a uni ɗin Salford, ina zaune a wani ɗan flat a unguwar Longsight ta Manchester, saman shagon mai sayar da nama. Yayana, babban namiji a gidanmu, akanta ne, yana unguwar Small Heath a Birmingham da matarsa, wadda muke ce wa Anti, da 'ya'yansu. Shi ya ɗauko Baba daga Funtua a cire masa yanar ido. Aka yi aikin lafiya, ido ya buɗe tar, har Baba yana tsokanar Anti wai ashe labulen falonta kore ne, shi duk zatonsa ruwan ƙasa ne. Muna murna, sai wasu 'yan abubuwa suka fara ɓullowa. Ya bar famfon bayi a buɗe har ruwa ya sauko ta silin ɗin kicin. Wata rana ya yi La'asar a gaban kowa, ba a jima ba ya miƙe zai yi alwala, wai bai yi ba.

Ina cikin tram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, na taso daga uni, Yaya ya kira ni.

"Na kai shi wajen GP, likitan unguwarmu," in ji shi. "Za su tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. In dai abin da nake tsoro ne, Baba ba zai koma Funtua ya zauna shi kaɗai ba. Mun yi magana da Yaya Babba, wajensu zai koma a Kaduna."

Yaya Babba ita ce ta fari a gidanmu. Na ce, "Wajensu? Gidan mijinta kake nufi?"

"To ina kike so a kai shi? Ni ba zan iya riƙe shi a nan ba, visa ɗinsa ta ziyara ce."

"Gidan suruki, Yaya? Baban namu? Haba! Wallahi ba ka da tausayi."

Na ɗaga murya har wata tsohuwar Baturiya ta tashi daga kusa da ni ta sauya kujera. Ni dama tun ina ƙarama bakina ba ya jiran kaina. Amma ranar ina da dalili. Baba mutum ne da ko ruwa bai taɓa sha a gidan mijin Yaya Babba ba. In ya je Kaduna, gidan wani tsohon abokinsa yake sauka, ya zo su gaisa a tsaitsaye ya juya. Tun da Inna ta rasu yake zaune shi kaɗai a gidan da ya gina da hannunsa. Maƙwabta na miƙo masa abinci, yana da babur ɗinsa da yake zuwa gona da shi, da yamma kuma tsofaffin unguwa su taru a ƙofarsa. A ce a ɗauke wannan mutumin a ajiye a ɗakin baƙi, yana jin takun surukinsa a bakin ƙofa? Ni a wurina gara a ce masa ya yi tafiya tsirara a kasuwa.

Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly da niyyar in yi faɗa da Yaya ido da ido. Sai na tarar da Baba a falo cikin nishaɗi, ana nuna wani shiri a talabijin na mutane suna tsinkar inabi a gefen tsauni. Da ya gan ni ya ce, "Uwata, zo ki ga ƙasar abokina." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Labarin ya ɗauko, wanda rabonmu da jin sa tun muna yara. Yana saurayi ya yi aiki da wani kamfanin Italiyawa da suka yi titi a ƙasar Sakkwato, shi ne direban gireda. A garejinsu akwai wani makanike, gajere mai jan hanci, wanda suka shaƙu da shi duk da ba mai jin yaren wani sosai. Da rana sukan zauna a inuwar mota, Baba ya ba shi goro ya tauna yana yamutsa fuska, shi kuma ya ba Baba wani baƙin kofi mai ɗacin tsiya. A saman teburin aikinsa ya manna hoton ƙauyensu. Baba ya ce gidaje ne na dutse a kan wani ƙaton dutse, da hasumiyar coci, da hanya tana nannaɗewa har sama. Kullum makaniken sai ya ɗora yatsa a kan wata taga ya ce a nan uwarsa take, har wurin ya yi baƙi da man inji. Ya ce babu teku a kusa, domin mutumin ya faɗa masa bai taɓa ganin teku ba sai ranar da zai bar ƙasarsu. Sunan garin ne Baba bai taɓa riƙewa ba, wai ya yi tsawo kamar sunan maganin asibiti.

"Amma in na ga hoton, ko cikin barci zan gane shi," in ji Baba.

Nan take dabara ta faɗo mini. Na bi Yaya kicin na ce, "Ka ji shi? Mutumin da yake tuna baƙin yatsa a jikin hoto tun kafin a haife ka, shi kake cewa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu? Zan nemo garin nan, zai gane shi a gabanka. In ya gane, ka bar maganar Kaduna."

Yaya ya dube ni ya ce, "Allah ya sa."

Abin da ban sani ba shi ne, rabin ƙauyukan Italiya a kan dutse suke, kuma kowanne da hasumiyar cocinsa. Kai, jama'a! Kamar wani ne ya bi ya ce musu duk wanda ya yi gini a ƙasa za a ci shi tara. Na ajiye aikin da supervisor ɗina ke jira, na duƙufa. A library ina nema, a bas ɗin Stockport Road ina nema, ina jiran a yanka mini kaza a shagon ƙasa ina nema. Ga kyau kamar me, ba zan ɓoye ba. Lunguna ƙanana da aka shimfiɗe da duwatsu, tukwanen furanni a kan matakala, tsofaffi zaune a kan benci a bakin rijiya, shanya a rataye daga wannan taga zuwa waccan. Da a wani lokaci ne da na ji daɗin kallo. Ni kuwa ina kallo ina lissafin yadda ranar ganin likita ke matsowa.

Daga ƙarshe na tsaya a kan wani gari da ake ce wa Pitigliano. Gidajensa kamar daga cikin dutsen suka tsiro, ba ka gane inda dutse ya ƙare gini ya fara. Ga hasumiya, ga hanya mai lanƙwasa, kuma ba a bakin teku yake ba. Asabar ta gaba na ɗora wa Baba tablet ɗina a cinya. Ya gyara sabon tabarau ɗinsa, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce. "Shi ne, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Na ƙwala wa Yaya kira tun daga ƙasan bene. Na sa Baba ya maimaita a gabansa. Na kira Yaya Babba a Kaduna na ce ta kwashe shimfiɗar da ta yi, ba mai zuwa. Ranar har tuwon Anti na yaba, abin da ban cika yi ba. A jirgin komawa Manchester ina ta murmushi ni kaɗai, ina raya yadda in na gama karatu zan je garin da kaina in ɗauko wa Baba hoton tagogin ɗaya bayan ɗaya.

Murnar ba ta wuce mako guda ba. Na tara masa ƙarin hotunan Pitigliano, na koma Small Heath. Garin sauri na buɗe inda ba nan ba ne, na miƙa masa ba tare da na duba ba, ina cewa, "Baba, ga garin abokinka na ƙara kawo maka."

Ya duba ya ce, "Shi ne kuwa. Masha Allah."

Sai a lokacin na leƙa. Manarola ce a kan allon, wani ƙauye da gidajensa ja da rawaya da ruwan hoda suke hawa kan juna a gefen tsauni, ga kwale-kwale a ƙasa, ga teku shuɗi ya cika rabin hoton. Teku fa! Na ɗago, ashe Yaya na tsaye a bayan kujera, shi ma ya gani.

Na zaci zai yi mini dariyar nasara, da na samu abin faɗa. Bai yi ba. Da muka haɗu a kicin idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce a hankali, "Kin gani da idonki. Kina ganin ni daɗi nake ji? Ubana ne ni ma."

Wannan ne karo na farko da na rasa abin faɗa wa Yaya a rayuwata.

Daga nan na zama kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo da harshe. Na san zai yi zafi, amma na kasa bari. Na kawo wa Baba Alberobello, inda gidaje farare ne masu rufin dutse mai tsini, sak rumbunan hatsi, ba tsauni ba hasumiya a hoton. Ya ce shi ne. Na kawo San Gimignano mai dogayen hasumiyoyi tsaitsaye birjik. Ya ce shi ne. Na kawo Civita, ɗan mitsitsin garin nan da ke can ƙoli shi kaɗai, sai ta gada ake isa. Ya ce, "Allah mai iko, shi ne." Kowane karo sai ya sa mini albarka, ni kuma in shiga bayi in buɗe famfo don kada a ji kukana.

A Manchester ba na iya komai. Na wuce inda zan sauka a bas har sai da na ga kaina a hanyar Levenshulme. Supervisor ɗina ta tambaye ni ko lafiya, na ce mura ce. A kasuwar Longsight in na ga dattijo yana tafe a bayan ɗansa, an riƙe masa hannu, sai in tsaya ina kallonsu har mai tumatir ya ce in matsa. Na karanta duk abin da waya za ta iya nuna mini a kan cutar mantuwa, kowane layi sai in ga Baba a ciki. In wayata ta yi ƙara, na ga sunan Yaya, sai in ce shi ke nan, wani abu ya samu Baba. Wani lokaci ba komai ba ne, yaji yake so in taho masa da shi.

Asabar ta ƙarshe kafin ranar likita na yi abin da na san ba shi da kyau, amma na ce gara in san iyakar abin. Akwai wani hoto da na ɗauka da kaina lokacin da 'yan department ɗinmu suka fita yawo wani ƙauye a bayan Manchester: katangun dutse, tumaki, sararin sama a murtuke, ga jan akwatin wasiƙa na Ingila ƙuru-ƙuru a gaba. Na ce in Baba ya ce wannan ma shi ne, to shi ke nan.

Na same shi a bayan gida, inda Yaya ke ajiye kwandunan sharar council. An ɗan samu rana, ya fito da kujera yana shan ta, ya ɗora jaket ɗin Yaya a kan kaftaninsa. Yaya da Anti da yara sun tafi cefane Coventry Road. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa.

Ya duba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Sannan ya kife tablet ɗin a cinyarsa.

"Uwata, yaushe kika fara yi mini jarrabawa?"

Na yi tsuru-tsuru. "Baba, jarrabawa kuma?"

"Wannan ai ƙasar nan ce. Ga akwatinsu na wasiƙa, irinsa ne a bakin layin nan, kullum ina wuce shi in za ni masallaci. Tumakin ma kin ga sun yi kama da na ƙasar da ake rana?"

Na ji kamar an zare mini ƙaya. Na ce, "To Baba, don girman Allah, me ya sa duk garin da na nuna maka sai ka ce shi ne? Har mai teku fa! Kai da ka ce babu teku!"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ki taso tun daga Manchester, ki bar karatunki, ki hau jirgi ki zo da hotuna kina rawar jiki, sai in dube ki in ce ba shi ba ne? Ni ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Na farkon ma ba shi ba ne. Na ga yadda kike kallona, na ce in faranta miki. Da kika ƙara kawowa, na ce to, tun da na fara."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba. Kara ce ashe! Makonni ina ƙonewa, ashe Baba kara yake yi mini, irin wadda yake yi wa mai gida in an kawo masa abincin da gishiri ya yi yawa, ya cinye ya ce ya yi daɗi. Na ce, "Baba, ka san abin da ka ja mana kuwa? Bari Yaya ya dawo, wallahi sai ya ji wannan da kunnensa." Na miƙe zan ɗauko waya, ban ma iya jira ba.

"Zauna," in ji shi.

Yadda ya faɗa ya sa na zauna a kan matakalar ƙofa ba musu.

Ana jin yaran maƙwabta suna buga ƙwallo a jikin katanga. Can ya ce, "Da can, in na rufe ido ina ganin hoton nan. Yanzu in na rufe, sai in ga naki. Wannan mai ja, wannan mai gada, duk sun hau kansa. Na nemi tagar na rasa. Ko yau kika kawo na gaskiyar, ban san ko zan gane shi ba."

Na ce, "Baba, ai kowa ma in aka cika masa ido da hotuna sai ya rikice."

"Ba wannan ne ya dame ni ba." Ya gyara zama. "Kafin in taho, wata rana na taso daga gona a kan babur. Na zo shataletalen nan da nake bi tun ba a haife ku ba. Sai na rasa ta ina gidana yake. Ga gari na sani, ga mutane ina gani, amma ban san ko dama zan yi ko hagu ba. Manyan motoci suna ta yi mini oda a baya. Na samu na gangara gefe, na zauna wajen wani mai shayi kamar mai hutawa, har Allah ya dawo mini da hanya."

Na ce, "Innalillahi."

"Ba wanda na faɗa wa. Ke ma don uwata ce. Kada yayanki ya ji. Na san shirin da suke yi, ba kurma ba ne ni, bangon gidan nan kamar takarda yake. In ya ji, Kaduna za su kai ni. Ki rufa mini asiri, in mutu a ɗakina."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Muka ji tsayuwar motar Yaya a waje, Baba ya miƙo mini tablet ɗin ya ce in je in taya Anti shigo da kaya.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na san titin da Baba yake magana a kai. Tireloli ne ke bin sa dare da rana, ba sa tsayawa don tsoho ya tuna hanya. In na yanke shawarar yin shiru, sai in gan shi a kan babur a tsakiyar titin yana waige-waige. In na yanke shawarar faɗa, sai in gan shi a ɗakin baƙi a Kaduna, hularsa a gwiwa. Na yi sallah na roƙi zaɓin Allah, na tashi da zuciya biyu kamar yadda na fara. Haushi ma na ji, ba zan ɓoye ba. Me ya sa ni? Ga Yaya da ya fi ni haƙuri, ga Yaya Babba da ta fi ni hankali, sai ni mai bakin da ba ya riƙe magana aka ba ajiya.

Ranar Talata muka je mu uku. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Aka haɗa ta da tafinta ta waya, ta yi wa Baba tambayoyi. Wasu ya amsa tiryan-tiryan har da ba'a, wasu ya yi shiru yana murza gemu. Ta ce abin yana kan iyaka, ba za ta iya yanke hukunci da wannan kaɗai ba. Aka sallami tafintan, ta juyo gare mu da Turanci. Ta ce abu ɗaya take so ta sani daga iyali: ya taɓa ɓata a wurin da ya sani sarai?

Yaya ya ce a'a, shi dai bai taɓa gani ba.

Ta dube ni. Baba yana gefena, ya zuba wa takalmansa ido.

Na faɗa. Da Turanci na faɗa, da sauri, murya ƙasa-ƙasa, ina tauna kalmomin irin na mutanen Manchester don kada ya kama. Na faɗi gona, na faɗi babur, na faɗi shataletale da manyan motoci. Na manta mutumin nan ya yi shekaru yana karɓar umarni daga Turawa cikin ƙarar inji. Bai ɗago ba, amma na ga hannunsa ya damƙe gwiwarsa lokacin da na ambaci babur. Likitar ta yi rubutu, ta ce za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, amma tun yanzu shawararta kada ya sake hawa babur, kada kuma ya zauna shi kaɗai.

Muka koma Small Heath a mota. A ƙofar gida Yaya ya riƙe ni a baya ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce ya rabu da ni. Na jira Baba ya yi mini faɗa, na so ya yi. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da zan tafi tasha na durƙusa na yi masa sallama, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida mutanen Manchester.

Hoton ƙwaƙwalwar ya nuna abin da Yaya ke tsoro, a matakin farko. Kafin visa ɗinsa ta ƙare Yaya ya raka shi gida, kai tsaye Kaduna. Aka rufe gidan Funtua, aka ba wani maƙwabci babur ɗin. Mijin Yaya Babba mutumin kirki ne, ya sa aka yi wa ɗakin fenti, ya saya masa rediyo da darduma mai laushi. Kowa ya ce na yi daidai. Yaya ya ce na ceci ransa. Ni dai na goge hotunan nan kaf daga tablet ɗina, amma sunayen garuruwan sun ƙi barin kaina.

Yaya Babba ce take ba ni labari a ɓoye. Ta ce Baba ba ya fitowa daga ɗaki sai ya ji fitar motar mijinta. Ba ya cin abinci in mai gidan yana nan, ko da zai kai dare. In zai zaga bayi sai ya kasa kunne tukuna, ya tabbata ba kowa a hanya. Ranar da mijin ba ya zuwa aiki, Baba yakan yini da azumin da bai yi niyya ba.

Duk Juma'a nake kiransa, yawanci ina tsaye a tashar bas a Stockport Road.

"Baba, yaya zaman?"

"Lafiya lau, Uwata. Suna kula da ni sosai."

"Ɗakin ya yi maka?"

"Ya yi, har ya yi yawa."

"Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci har in bari."

Wata Juma'a na kasa daurewa. Bas ya zo ya buɗe ƙofa, na ƙi shiga, ya tafi. Na ce, "Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Kana fushi da ni?"

Ina jin rediyon nan yana magana a bayansa.

"Haba, Uwata," ya ce. "Fushin me? Ai kin kyauta. Allah ya yi miki albarka."